Nova, Halo ko STARK: wace hanya ta dace da mai son gina hujja daki-daki ba tare da tona asirin jama'a ba?

A ce ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ce mai mambobi 500, wasu a cikin birnin Katsina, wasu a Daura da Mai'aduwa. Kowane mako ana zubi, ana karɓar rance, ma'aji yana shigarwa a kwamfuta. Bankin da zai ba su jari yana so ya tabbatar babu coge a littafin tun ranar da aka buɗe shi. Mambobi kuwa ba wanda zai yarda a ga abin da ke asusunsa, domin a halin da ake ciki sanin abin da mutum ya mallaka kan jawo masa abin da bai nema ba. Ga kuma dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 da ta hau kan duk mai riƙe bayanan mutane.

Maganin wannan a fannin lissafi shi ne hujjar da ba ta tona sirri, wadda Goldwasser da Micali da Rackoff suka kafa tubalinta a 1985: ka gamsar da mutum cewa lissafi daidai ne ba tare da ya ga alƙaluman ciki ba. Sai dai littafin ƙungiya kullum ƙaruwa yake yi, kuma ba zai yiwu duk mako a koma farko a sake gina hujjar shekara uku ba. Shi ya sa ake bukatar hujja mai tafiya daki-daki, wadda Paul Valiant ya fayyace a 2008: hujjar makon jiya da aikin wannan mako su haɗu su haifi sabuwar hujja, girmanta bai ƙaru ba. Hanyoyi huɗu ake bi, kuma mai shirin gina irin wannan manhaja kan rasa wadda zai kama.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ke yanke hukunci: wa ke riƙe hujjar tsakanin mataki da mataki? Idan kwamfutar ma'aji ɗaya ce ke ɗaukar aikin daga farko har ƙarshe, hali ɗaya ne. Idan kuwa reshen Daura zai yi nasa ya miƙa wa na Katsina ya ɗora, to abin da ake miƙawa dole ya kasance rufaffe. Hujja ta iya tafiya daki-daki amma ta bar sirri a buɗe. Abubuwa biyu ne daban, kuma yawancin kurakuran zaɓi daga cakuɗa su suke farawa.

Na biyu tsada. Kundayen kod ɗin duk kyauta ne, don haka kuɗin yana tafiya ne a kan ƙarfin na'ura, girman RAM, wutar da za ta ci, da kuɗin gas, wato ladan aiki da ake biya a Ethereum, wata sarkar ma'amaloli ta intanet (blockchain), idan a kanta za a tantance. Akwai kuma harajin da kowane mataki ke biya don kawai ya haɗu da na baya, ana ƙidaya shi da yawan sharuɗɗan da ya ƙara wa da'irar lissafi, wato jerin ƙananan ƙa'idojin da ake juya aikin zuwa gare su kafin a gina masa hujja. Na uku ƙarko: tsarin zai tsaya idan kwamfutar kwantam, sabon nau'in kwamfuta da ake sa ran zai karya wasu makullan sirri na yau, ta kankama, kuma kundin kod ɗin yana da masu kula da shi? Na huɗu sauƙin aiki. Na biyar haɗari, wato inda aka taɓa samun ɓaraka da inda sabon hannu kan zame.

Hanya ta farko: SNARK a cikin SNARK

Ita ce mafi daɗewa. SNARK gajeriyar hujja ce mai saurin tantancewa. Ana rubuta dukan aikin mai tantancewa a cikin da'irar mataki na gaba, sai kowace hujja ta tantance wadda ta gabace ta gaba ɗaya. Ben-Sasson da Chiesa da Tromer da Virza suka nuna yadda za a yi a 2014, da tagwayen lanƙwasa MNT4 da MNT6 (lanƙwasa siga ce ta lissafi da ake gina makullan sirri a kanta), inda filin lissafin ɗaya, wato rukunin lambobin da take aiki da su, ya dace da na ɗaya. Idan aka yi da Groth16, wani nau'in SNARK na 2016, hujjar ƙarama ce ƙwarai, kuma kowace hujjar tsakiya rufaffiya ce, ana iya miƙa ta ga kowa.

Matsalarta nauyi. Kafin MNT su kusanci tsaron bit 128 sai da lambobi masu bit 753, abin da ke sa kowane ninki ya yi jan ƙafa. Sannan Groth16 na bukatar taron ƙera makulli ga kowace da'ira: mutane su taru su samar da wasu lambobin sirri, kowa ya lalata nasa. Muddin mutum ɗaya ya cika amana tsarin lafiya lau, amma idan duk suka haɗa baki za su iya ƙirƙirar hujjar ƙarya da ba mai ganewa. Ka sauya layi ɗaya a da'irar, sai an sake kashi na biyu na taron. Wanda zai fara sabon aiki yau ba shi da dalilin bin wannan hanya tun daga tushe. Amfanin Groth16 yanzu shi ne zama murfin ƙarshe ga sauran hanyoyin: a kan lanƙwasar BN254 hujjarsa bait 128 ce idan an matse, kuma tantance ta a Ethereum bai fi gas dubu 200 da ɗoriya ba.

Hanya ta biyu: tara nauyi a biya sau ɗaya, wato Halo

A 2019 Sean Bowe da Jack Grigg da Daira Hopwood suka lura cewa aikin tantancewa kashi biyu ne, mai sauƙi da mai nauyi. Sai a yi mai sauƙin a cikin da'ira, mai nauyin kuma a riƙa tara shi mataki bayan mataki kamar bashin kanti, a biya gaba ɗaya a ƙarshe. Abin ban sha'awa shi ne tarin ba ya kumbura: nauyin mataki dubu daidai yake da na mataki ɗaya. Ba a bukatar taron makulli. Lanƙwasar da ake amfani da su Pallas da Vesta ne, masu bit 255, nesa ba kusa ba sun fi MNT sauƙi.

A lura da wani abu da ke ruɗa mutane. Zcash, wani kuɗin intanet mai ɓoye ma'amala, ta ɗauki Halo 2 a watan Mayun 2022, amma don ta rabu da taron makulli ne, ba ta sa hujja cikin hujja a ma'amalolinta ba. Inda wannan dabara ke aiki a fili shi ne Mina, wata sarkar ma'amaloli irin Ethereum, wadda ta fara a Maris 2021 da tsarinta na Pickles, inda tarihin sarkar duka ke tattare cikin kimanin kilobait 22. Ga mai rubuta manhaja, o1js na Mina yana ba da damar rubuta da'ira da TypeScript, harshen da masu gina shafukan intanet da dama suka riga suka iya, kuma hujjar kowane mataki cikakkiya ce, rufaffiya. Wannan babbar riba ce ga tsarin da rassa ke miƙa wa juna.

Iyakarta uku. Da'ira ɗaya a o1js ba ta wuce layi 65,536, don haka babban aiki sai an yanyanka shi, kuma kowane yanki sai an gina masa cikakkiyar hujja, wanda ya fi ninkewar da za a gani a hanya ta uku tsada. Sannan Ethereum ba ta da gajeriyar hanyar lissafin Pallas da Vesta, tantancewa a can kai tsaye ba ta da araha. Ga kwantam kuma ba ta da kariya.

Hanya ta uku: ninkewa, wato Nova da danginta

Kothapalli da Setty da Tzialla suka fito da Nova a 2021, suka yi tambayar da ta sauya fagen: me ya sa za a gina hujja a kowane mataki? A maimakon haka a ɗauki da'awa biyu a ninke su su zama ɗaya, ta yadda idan ninkakkiyar gaskiya ce to duka biyun gaskiya ne. Da'ira irin ta R1CS, wata hanyar rubuta sharuɗɗa, tana cewa Az∘Bz = Cz, inda A da B da C ke ɗauke da sharuɗɗan, z kuma ƙimomin da ake gwadawa. Nova ta sassauta ta zuwa Az∘Bz = u·Cz + E, inda u lamba ce, E kuma wurin ajiye ragowar da ninki ke haifarwa. Mai kawo hujja yana lissafa gaurayen ragowa T, ya ɗaure kansa da shi, a zaro lambar ƙalubale r daga hash (lissafin da ke dunƙule bayanai zuwa gajeriyar lamba da ba a iya hasashenta), sai z ya zama z1 + r·z2, u ya zama u1 + r·u2, E kuma E1 + r·T + r²·E2. Shi ke nan mataki ya ƙare.

Harajin haɗawa kimanin sharuɗɗa 10,000 ne, mafi ƙanƙanta a lokacin fitowarta, kuma RAM da ake bukata gwargwadon mataki ɗaya ne, ko da matakan sun kai miliyan. Mu gwada da littafin ƙungiyarmu. Bishiyar Merkle, wato haɗa asusu biyu-biyu da hash hawa-hawa har su koma tushe ɗaya, idan mai hawa 10 ce tana ɗaukar asusu 1,024. Sauya asusu ɗaya na bukatar bin hawa goman sau biyu, tsohon tushe da sabo, wato hash 20. Kowane hash irin na Poseidon na cin sharuɗɗa kusan 250, jimla 5,000, a ƙara binciken iyakar adadi ya kai wajen 6,000, ban da tantance sa hannu. Idan aka sa ma'amala 20 a mataki ɗaya, 120,000 ke nan, harajin Nova bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa. Da hash ɗin SHA-256 aka yi, wanda dunƙule ɗaya nasa ke cin sama da 25,000, ma'amala ɗaya kawai za ta haura rabin miliyan. Zaɓin hash ya fi zaɓin na'ura tasiri a nan. Haka kuma kada a sa ma'amala ɗaya a kowane mataki, domin harajin zai fi aikin kansa yawa.

Yanzu ga inda ya kamata a buɗe ido sosai. Abin da Nova ke ɗauke da shi tsakanin matakai ba hujja rufaffiya ba ce. Ninkakkiyar da'awa ce tare da bayanan ɓoyenta, kuma bayanan mataki na ƙarshe a buɗe suke. Duk wanda aka miƙa wa ita an miƙa masa sirri. Kafin ta fita daga kwamfutar ma'aji sai an matse ta da wata SNARK, kamar Spartan ko Groth16, kuma a tabbatar yanayin rufe sirri na kunne a matsewar, don ba kowane kundi ke kunna shi da kansa ba. Bayan an matse, wannan hujjar ta banki ce, ba ita ake ci gaba da ninkawa a kai ba. Saboda ɗaukewar wuta dole a riƙa ajiye ninkin a faifai bayan kowane mataki, kuma fayil ɗin nan daidai yake da littafin ma'aji: a kulle shi da makulli, kada a tura shi ta WhatsApp, kada a bar shi a filashin da ke yawo hannu-hannu.

Ƙarko yana da tambaya. Nova ta dogara da lanƙwasar eliptik, kwantam zai karya ta. LatticeFold na Boneh da Chen, 2024, ƙoƙari ne na toshe wannan, amma har yanzu ya fi kusa da bincike. Fagen kuma yana gudu: SuperNova a 2022 ta ba da damar matakai mabambanta, misali zubi daban rance daban, sai HyperNova da ProtoStar da CycleFold a 2023. Kundin Sonobe ya tattara da yawa daga cikinsu, amma masu shi da kansu sun kira shi na gwaji. A 2023 Wilson Nguyen da Dan Boneh da Srinath Setty sun gano ɓaraka a yadda aka aiwatar da Nova a kan tagwayen lanƙwasa, har suka ƙirƙiri hujjar ƙarya ta zagaye 2^75 na wani lissafi cikin ƙasa da sakan biyu a laftof. An gyara, amma duk mai kwafo tsohon kod daga intanet ya duba ko nasa ya riga gyaran. Asalin Nova kuma a jere take tafiya, mataki bayan mataki, raba aikin ga na'urori da yawa sai da ƙarin dabara.

Hanya ta huɗu: STARK a cikin STARK

STARK, wani nau'in hujja na 2018, ba ya amfani da lanƙwasa ko kaɗan, hash kawai. Babu taron makulli, kuma ana sa ran zai jure kwantam. Da farko ana ganin sa hujja cikin hujja da shi ya yi nauyi, sai Plonky2 ya fito a Janairun 2022 da ƙaramin fili mai bit 64, ya haɗa hujja cikin milisakan 170 a MacBook Pro, hujjar kuma tana iya sauka zuwa kilobait 45 idan an nemi ƙanƙanta. Daga nan aka ƙara ƙanƙanta filin zuwa bit 31, irin BabyBear.

Yawancin mutane ba sa taɓa wannan kai tsaye, ta na'urar kwaikwayo suke shiga, kamar RISC Zero ko SP1. Kana rubuta manhajarka da harshen Rust yadda ka saba, a juya ta zuwa umarnin na'ura irin na RISC-V, tsarin ya yanka gudunta gunduwa-gunduwa, ya gina wa kowace hujja, ya haɗa su biyu-biyu kamar rassan bishiya har su zama ɗaya. Ba ka rubuta da'ira da hannu, don haka kurakuran da'ira sun ragu ƙwarai, kuma gunduwoyin na iya tafiya lokaci guda a na'urori daban-daban. A RISC Zero gunduwa kan ɗauki zagaye 2^20, ana iya rage ta idan RAM ya gaza. Wajen sauƙi babu wadda ta kama ƙafarta.

Kuɗin sauƙin nan ana biyansa da ƙarfin na'ura. Gina hujjar gudun manhaja ya ninka gudun kansa sau dubbai, babban aiki sai da GPU, katin lissafi mai ƙarfi da cin wuta, kuma GPU ba abin da ƙaramar sola da batir biyu za su riƙe dare guda ba ne. Sai mutum ya ce zai yi hayar masu gina hujja a intanet. To, mai gina hujja yana ganin duk bayanan da aka ba shi, sirrin mambobi ya fita ke nan tun kafin a zo ga banki. Hujjar tana ɓoye wa mai tantancewa ne kawai. Na biyu, haruffan zk, masu nufin rufe sirri, da ke jikin sunan zkVM da ake kiran waɗannan na'urori da shi ba alkawari ba ne: da yawa an gina su don taƙaita lissafi, ba don rufe sirri ba. A SP1, misali, sai an naɗe hujjar da Groth16 ko PLONK, wani nau'in SNARK, take zama rufaffiya. Naɗewar nan kuma, wadda ita ce ke sauko da hujja daga ɗaruruwan kilobait zuwa 'yan ɗaruruwan bait, tana dawo da taron makulli, ta kuma zubar da kariyar kwantam. Wanda ya zaɓi STARK don ƙarko ya naɗe shi da Groth16 ya rasa abin da ya zo nema.

| Ma'auni | SNARK cikin SNARK | Halo da Pickles | Nova | STARK |
|---|---|---|---|---|
| Harajin kowane mataki | mai nauyi sosai | matsakaici | kimanin sharuɗɗa 10,000 | cikakkiyar hujja, amma da sauri |
| Taron makulli | dole | babu | babu, sai in murfin ya nema | babu, sai in an naɗe |
| Hujjar tsakiya rufaffiya | e | e | a'a | ya danganta da kundi |
| Girman hujjar ƙarshe | ɗaruruwan bait | kilobait kaɗan zuwa gommai | kilobait kaɗan bayan matsewa | gomman kilobait zuwa ɗaruruwa |
| Jure kwantam | a'a | a'a | a'a | e, in ba a naɗe ba |
| Sauƙi | wuya | da dama | sai an iya da'ira | mafi sauƙi |

Ramukan da ke gaban kowa

Hujja tana tabbatar da lissafi ne, ba gaskiyar abin da aka shigar ba. Idan ma'aji ya rubuta cewa wani ya ciri buhu goma alhali bai cira ba, tsarin zai gina wa ƙaryar hujja mai kyau. Dole kowace ma'amala ta zo da sa hannun mai asusun, a tantance shi cikin da'ira, a kuma sa lambar jeri don kada a maimaita tsohon sa hannu.

Lissafin fili zagaye yake yi. Cire 100 daga 50 ba ya ba da kuskure, wata ƙatuwar lamba yake bayarwa, mai bashi ya wayi gari attajiri. Kowane adadi sai an tilasta masa zama cikin bit 64 kafin ragi da bayansa. Wannan yana cikin dangin kuskuren da ya fi yawa a da'irorin hannu, wato barin wata ƙima ba sharaɗi a kanta. A gwada da'ira da bayanan ƙarya da gangan, a ga ta ƙi, ba da na gaskiya kaɗai ba.

Lambar ƙalubale kuma dole a zaro ta daga hash ɗin duk abin da ke bayyane. A 2022 kamfanin Trail of Bits ya bayyana rukunin ɓaraka da ya kira Frozen Heart, inda kundaye da dama suka bar wasu bayanai a wajen hash, aka sami damar ƙirƙirar hujja. Kada a rubuta wannan sashe da kai.

Sai yoyon da ba na lissafi ba. Jimlar farko da ta ƙarshe da yawan matakai a bayyane suke. Idan ana fitar da hujja kullum, kuma kowa a kasuwa ya san Alhaji wane kaɗai ya zo ranar Laraba, bambancin jimlar jiya da ta yau ya faɗi abin da ya zuba. A riƙa fitarwa wata-wata, a cike matakai da ma'amalolin wofi, ko a bayyana cewa jimla ta haura wani adadi kawai ba tare da faɗin ta ba.

Wa ya dace da wace?

Ƙungiya mai ma'aji ɗaya da laftof ɗaya, aiki iri ɗaya da ke maimaituwa, wuta ba tabbas: Nova, da Poseidon, ma'amala 20 ko fiye a mataki, a matse sau ɗaya a wata. Sharaɗin shi ne a sami wanda ya iya rubuta da'ira da wani daban da zai bi ta layi-layi.

Rassa da ke miƙa wa juna ba tare da son ganin littafin juna ba, Daura ta yi ta ba Katsina: Pickles ta o1js, domin abin da ke wucewa tsakaninsu rufaffe ne. A ƙidaya layukan da'irar tun farko don kada a ci karo da iyakar 65,536 bayan an yi nisa.

Wanda dokokin lissafinsa ke da rassa da yawa kuma suna sauyawa, kamar rabon riba ko tantance cancantar tallafi, ko yake da kod ɗin Rust a hannu: na'urar kwaikwayo ta STARK. Idan bayanan ba na sirri ba ne, hayar masu gina hujja ta halatta. Idan na sirri ne, a sayi na'urar a ajiye a ofis, a kuma karanta takardun kundin a ga wane nau'in hujja ne rufaffe.

Bayanan da ake so hujjarsu ta tsaya shekaru ashirin, irin rajistar filaye ko takardun shaidar karatu: STARK ba naɗi, a haƙura da girman fayil. Wanda kuma dole hujjarsa ta sauka a Ethereum, ko da wace hanya ya gina, galibi da murfin Groth16 ko PLONK a kan BN254 zai ƙare, sai ya nemi sanin wane taro ne ya ƙera makullin murfin da kuma mutum nawa suka shiga. Ɗalibin da ke aikin kammala digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko wata makaranta, yana son fahimtar abin daga tushe, ya fara da Nova: lissafin ninkinta bai fi shafi ɗaya ba, kuma zai iya gwada shi da da'ira mai sharuɗɗa uku a takarda kafin ya kunna kwamfuta.